MUHIMMANCIN JAGORA GA MAI KOYON MAGANA A GABAN JAMA'A

(Jawabin da aka gabatar wa dattawan ikkilisiya, shugabannin Zumuntar Mata da na matasa a Bauranya)

GABATARWA

  

Kamar yadda yawancinku suka sani, matasanmu sun fara haɗuwa bayan sujadar Lahadi domin su koyi tsayawa su yi magana a gaban jama'a. Ɗaya ya tashi ya yi jawabi, saura su saurara, wani lokaci kuma su raba kansu gida biyu su yi muhawara. Wannan abin yabo ne, kuma ba wanda ya tilasta musu. An roƙe ni in yi magana a kan abin da manya za su iya yi wa wannan ƙungiya.

Amsata gajera ce. Ƙungiyar tana bukatar kujeru da alli da fitila, amma abin da ta fi bukata shi ne kowane mai koyo ya sami babba guda ɗaya wanda zai riƙe hannunsa. Wannan babban shi nake kira jagora a cikin wannan jawabi. Zan nuna dalilin da ya sa muke bukatarsa, abin da tarihi da Littafi Mai Tsarki suka nuna mana game da shi, menene aikinsa, sa'an nan in kawo shawarwari.

ME YA SA MUKE BUKATAR MASU IYA MAGANA?

'Yan'uwa, ikkilisiyoyinmu ƙanana ne, kuma a warwatse suke. A wurare da yawa ma'aikaci ɗaya ne ke lura da majami'u biyu ko uku. Ranar da ba ya nan, dole wani ya tashi ya bi da sujada, ya karanta nassi, ya yi sanarwa. Idan wanda ya tashi yana cin maganarsa, na baya ba su ji ba, an tashi ke nan ba a ƙaru da kome ba.

Bukatar ba ta tsaya cikin majami'a ba. Akwai ranar da za a je gaban Mai Unguwa ko Dagaci a kan iyakar gona ko burtali. Akwai taron iyaye da malamai a makarantar firamare. Akwai ranar da za a je sakatariyar ƙaramar hukuma neman rijiyar burtsatse ko taki. Akwai neman aure, akwai zaman sulhu tsakanin miji da mata, akwai ta'aziyya a gidan maƙwabcinmu Musulmi inda za a so ɗaya daga cikinmu ya yi magana a madadin saura. A duk waɗannan wurare minti uku ko biyar ake ba mutum. Wanda ya iya amfani da su yakan dawo da biyan bukata da mutunci. Wanda bai iya ba, ko yana da gaskiya, sai ya dawo hannu wofi, wani lokaci ma ya dawo mana da sabuwar rigima. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce.

Ina so kowane dattijo ya tambayi kansa. A ikkilisiyarku, mutum nawa ne za a iya aikawa gaban Hakimi a kwanta da rai? Sau da yawa amsar ita ce mutum ɗaya ko biyu, kuma duka sun haura shekara 60. Ranar da Ubangiji ya kira su, wa zai tsaya? Ba a fafe gora ranar tafiya.

ƘUNGIYA ITA KAƊAI BA TA ISA BA

Wani zai ce, ai yaran sun riga sun kafa ƙungiya, a bar su su koya wa junansu. Ƙungiya tana da amfaninta. Tana ba mutum wurin tsayawa da masu sauraro, kuma yawan tsayawa yana rage rawar ƙafa. Amma akwai abin da tsara ba za ta iya ba tsara ba.

Mu dubi yadda muka reni 'ya'yanmu. Mun koya musu cewa yaro ba ya sa baki cikin maganar manya, ba ya ɗaga murya, ba ya zuba wa babba ido. Yarinya ma abin ya fi tsanani. Wannan tarbiyya ce mai kyau, ba na so mu yar da ita. Amma ku lura da abin da ke biyo baya. Mun yi shekara 18 muna ce wa yaro ya yi shiru, sai rana ɗaya mu ce ya hau bagade ya yi wa kakanninsa magana. Harshensa zai yi nauyi, domin a ƙasar Hausa yaro ba ya buɗe baki a gaban manya sai babba ya ba shi izini. Abokinsa ba shi da ikon ba shi wannan izini. Babban da ya ce masa ya yi shiru, shi ne zai ce masa, “Tashi ka yi magana, ina bayanka.”

Idan manya suka janye jiki, ɗaya cikin abu biyu ke faruwa. Masu kunya su yi ta zama a bencin baya har su daina zuwa, ƙungiya ta zama ta mutum uku masu kaifin baki. Masu kaifin bakin kuma su je su nemi malamai a talabijin da Facebook, su kwaso ihu da tsalle da kalmomin Turanci da su kansu ba su san ma'anarsu ba. Irin wannan yaro in ka kai shi fadar Dagaci zai shiga da takalminsa, ya fara magana tun kafin ya gaisa.

Manomanmu sun san wannan. Mai shanun huɗa ba ya ɗaura sababbin bijimai biyu a garma ɗaya. Yakan haɗa sabo da tsohon sa wanda ya san kunya, ya san inda ake juyawa a ƙarshen gona. Haka maƙeri yakan fara sa ɗansa a zuga, yana kallo, kafin ya ba shi masaba. Magana ma sana'a ce, kuma haka ake koyon ta.

ABIN DA TARIHI YA NUNA MANA

Ƙungiyar koyon magana ba baƙon abu ba ce a Arewa. A 1943 an kafa wata a Bauchi wadda ake kira Majalisar Taɗi ta Bauchi. Malaman makaranta da ma'aikatan En'e da wasu Turawan mulki sukan zauna su ɗauki batu guda su tattauna shi, kowa ya kawo hujjarsa. Cikin masu zuwa akwai Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Malam Sa'adu Zungur, da wani saurayi malamin Midil mai shekara 23, wato Malam Aminu Kano, wanda ya riƙe mata sakatare. Majalisar ba ta yi tsawon rai ba. Da tambayoyi suka fara taɓa yadda ake gudanar da mulki, sai aka rufe ta.

Abin lura shi ne wannan. An rufe majalisa, amma ba a raba Aminu da Sa'adu ba. Sa'adu ya girme shi da 'yan shekaru, ya fi shi zurfin karatu a lokacin, kuma duk da rashin lafiyar da yake fama da ita ya ci gaba da zama da shi, yana wasa masa tunani da hujja, har rasuwarsa a 1958. Masu tarihi sun yarda cewa Sa'adu Zungur ne babban jagoran Aminu Kano. Iyayenmu da suka ji Malam Aminu yana lacca a kasuwanni sun shaida yadda yakan ɗauki magana mai wuya ya sauƙaƙa ta har talaka ya gane. Kowa yana da ra'ayinsa a kan siyasarsa, ba ita ta tara mu ba. Darasinmu shi ne majalisa ta ba shi wurin tsayawa na ɗan lokaci, jagora kuwa ya zauna da shi shekara da shekaru.

Shi ma Tafawa Ɓalewa, wanda aka yi wa kirari da mai muryar zinariya, a nan jiharmu ya yi karatu, a Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, makarantar da ta yi suna wajen horar da ɗalibanta a kan furta magana dalla-dalla. Ɗan makarantar nan ne ya tsaya a gaban Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 7 ga Oktoba, 1960 ya yi magana da sunan Nijeriya. Baiwa yana da ita, amma malamai sun goge ta.

Daga cikinmu ma akwai misali. Wusasa ƙaramar al'umma ce. Likita Walter Miller, wanda ya jagoranci fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, ya riƙe yara kaɗan kusa da shi a Zariya ya koyar da su, kafin mishan ta koma Wusasa a 1929. Daga wannan al'umma aka sami Likita R.A.B. Dikko, likitan zamani na farko daga Arewa. Lokacin da aka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, shi aka zaɓa shugabanta na farko a 1949, ko da yake yawancin 'ya'yanta Musulmi ne. Ashe ƙanƙantar al'umma ba ta hana a ba ɗanta shugabancin taro, in an rene shi ya san yadda ake zama da mutane da yadda ake yi musu magana.

In muka leƙa waje kuma, akwai ƙungiyar Toastmasters, wadda ta fi kowace shahara a duniya a wannan fanni, tana da rassa a ƙasashe fiye da 100 har da Nijeriya. Wani ma'aikacin YMCA mai suna Ralph Smedley ne ya kafa ta ranar 22 ga Oktoba, 1924 a garin Santa Ana na ƙasar Amurka. Tun a 1905 ya fara gwada abin, domin ya ga samarin da ke zuwa wurinsu ba su iya tsayawa su yi magana ko su bi da taro ba. Tun daga farko tsarinsa shi ne samari su yi gajerun jawabai, manya masu ƙwarewa su saurara su gyara musu. Har yanzu a tarurrukansu akwai mai duba lokaci, akwai mai ƙirga sau nawa mutum ya yi “e'e” da “am”, akwai mai auna jawabi, kuma akan haɗa sabon shiga da tsohon hannu ya bi da shi a jawabansa na farko. Jawabin farko minti huɗu zuwa shida ne, kuma a kan kansa mutum zai yi magana, domin ba batun da ya fi sani kamar wannan. To, idan mutanen da ba su da irin kunyarmu sun ga dole a yi wa sabo jagora, ina ga mu?

ABIN DA LITTAFI MAI TSARKI YA NUNA MANA

Zan ɗauki mutum biyu kawai, ku karanta sauran a gida.

Na farko Afolos ne, cikin Ayyukan Manzanni 18:24-28. Mutumin Iskandariya ne, birnin masana, gwanin magana ne, ya kuma san Littattafai. Da ya zo Afisa ya yi magana a majami'a gabagaɗi, amma saninsa bai cika ba, baftismar Yahaya kaɗai ya sani. Cikin masu sauraro akwai Bilkisu da mijinta Akila, masu sana'ar ɗinkin tanti. Ku duba abin da suka yi. Sun saurare shi har ya gama. Ba su tashi tsakiyar taro sun ƙaryata shi ba, ba su kuma je suna yi da shi a bayan ido ba. Sun jawo shi gefe suka cika masa abin da ya rage. Da ya tashi tafiya Akaya, 'yan'uwa suka rubuta masa wasiƙa domin a karɓe shi. Abu uku ke nan muka samu a nan. Ko gwani yana bukatar gyara. Jagora ba lalle ne ya fi mai koyo iya magana ba, domin ba inda aka ce masu ɗinkin tantin nan sun fi Afolos baki. Kuma mace tana cikin wannan aiki, iyayenmu na Zumunta ku ji da kyau.

Na biyu Barnaba ne. Shi ya tsaya wa Shawulu a Urushalima sa'ad da almajirai suke tsoronsa. Shi ya tafi har Tarsus ya nemo shi ya kawo shi Antakiya, suka yi shekara guda cur suna koyarwa tare, kamar yadda sura 11 ta nuna. In kun lura, da farko sunan Barnaba ke gaba. Daga sura 13 sai sunan Bulus ya fara shiga gaba, har a Listira cikin sura 14 mutanen garin suka gane Bulus ne shugaban magana. Ba mu karanta cewa Barnaba ya yi fushi don wannan ba. Bayan haka, da Markus ya gudu ya bar su a Bamfiliya, Bulus ya ƙi a sāke tafiya da shi, Barnaba ya ɗauke shi suka tafi Kubrus. Shekaru da yawa bayan haka Bulus da kansa ya rubuta wa Timoti ya zo masa da Markus domin yana da amfani a gare shi. Da Barnaba ya yar da yaron nan ranar da ya kāsa, da an yi babbar hasara.

MENENE AIKIN JAGORA?

1. Yana zama da mai koyo kafin ranar jawabi. A nan ne rabin aikin yake. Tambaya ɗaya za ka yi masa: “In mutane sun tashi, wace magana guda kake so su tafi da ita gida?” In bai iya faɗinta a taƙaice ba, bai shirya ba tukuna. Yawancin masu koyo sukan ɗebo abu goma su zuba cikin minti biyar. Ka taimake shi ya zaɓi ɗaya, ya nemo mata misali daga gona ko kasuwa ko gida, ya san kalmar da zai fara da ita da wadda zai rufe da ita. Sa'an nan ya tsaya ya yi maka jawabin a ƙarƙashin bishiya, kai kana nesa kamar taku 20. In ka ji shi, na bencin baya za su ji shi.

2. Yana kasancewa a wurin ranar jawabi. Ka zauna inda zai gan ka. Mai koyo in ya rikice yakan nemi fuska ɗaya da ta yarda da shi. Gyaɗa kai ɗaya daga gare ka ya isa ya dawo da shi kan hanya.

3. Yana gyara a keɓe, kuma kaɗan-kaɗan. A kwalejin tauhidi inda na yi karatu, kowane ɗalibi yakan yi wa'azin gwaji a gaban 'yan aji. Akwai wani ɗan ajinmu mai in'ina wanda duk muka ɗauka ba zai kai labari ba. Malaminmu ya hana kowa yi masa sharhi a aji. Yakan kira shi ofis, ya faɗa masa abu ɗaya da ya yi daidai, da abu ɗaya da zai gyara kafin mako mai zuwa. Makon farko numfashi kawai suka yi aiki a kai. Na biyu, ya rage sauri. Kafin mu gama, shi muke turawa in baƙi sun zo. In'inar ba ta tafi gaba ɗaya ba, amma ta daina tsorata shi. Yabon ma ya zama takamaimai. “Ka yi ƙoƙari” ba ya koya wa kowa kome. Ka ce masa, “Misalin nan na rumbu da ka kawo, na ga tsofaffi sun gyara zama.” Zai san abin da zai riƙe.

4. Yana koyar da ladabin magana. Wannan shi ne abin da ba a samu a littafi ko a waya. Wa ake fara gaisarwa a taro. Ina ake cewa “Ranka ya daɗe”, ina ake cewa “Allah ya ba ka nasara”, ina ake cewa “Allah gafarta Malam”. Yaushe ake tuɓe takalmi a durƙusa, yaushe ake tsayawa. Yadda ake kai koke ba tare da an zargi mai sauraro ba. Yadda ake ƙin yarda da maganar babba ba tare da an ce masa ya yi ƙarya ba. Abin da ake faɗi a gidan makoki da abin da ake bari. Dattawanmu da ba su taɓa shiga aji ba sun fi mu masu takarda sanin waɗannan. Saboda haka kada wani ya ce shi bai yi boko ba, ba zai iya jagora ba.

5. Yana koyar da kiyaye lokaci. Ko Manzo Bulus da ya ja magana har tsakar dare a Taruwasa, barci ya kwashe Aftikos ya faɗo daga taga. Bulus ya tashe shi. Mu da ba mu da tabbacin za mu iya haka, gara mu gama da wuri.

6. Yana riƙe mai koyo ranar da ya kāsa. Kowane mai koyo yana da ranar da kansa zai ɗauke, ya tsaya shiru, yara su yi dariya. A daren nan ne ake rasa yawancinsu. Kada ka bari kwana biyu su wuce ba ka taka zuwa gidansu ba, kuma kada ka tashi sai kun sa ranar jawabinsa na gaba.

7. Yana buɗe masa ƙofa. In za ka fada ko gidan biki, tafi da shi. Karo na farko ya yi kallo, a hanyar dawowa ka tambaye shi abin da ya gani. Karo na biyu ka ba shi godiyar ƙarshe. Karo na uku ka ce, “Ranka ya daɗe, ɗana ne zai yi bayani.” Da wannan kalma ka ara masa mutuncin da ka yi shekara 40 kana tarawa.

ABUBUWAN DA ZA A KIYAYE

Jagora yana iya ɓata mai koyo kamar yadda yake iya gyara shi, don haka mu yi hankali da waɗannan.

Kada ka mai da shi hotonka. Mun sha ganin yaro yana tari inda fastonsa ke tari, yana gyara hula inda yake gyarawa. Mai sanyin murya ya yi magana da sanyinsa, muddin ana ji.

Kada ka rubuta masa jawabi. Abin da bai fito daga cikinsa ba, zai ɓace masa da zarar ya ɗaga kai daga takarda.

Kada ka mai da shi ɗan aike ko ɗan ƙwadagon gonarka. Ba don haka iyayensa suka ba ka shi ba.

Kada mu zaɓi 'ya'yanmu da 'ya'yan masu hali kaɗai. Maraya da ɗan gwauruwa da wanda bai wuce firamare ba su ma a ba su jagora, su ne ma suka fi bukata.

Mata su jagoranci 'yan mata, maza su jagoranci samari, kuma a zauna a fili da sanin iyaye. Wannan kariya ce ga yaran da manyan da sunan ikkilisiya.

Na ƙarshe shi ne kishi. Ranar tana zuwa da mutane za su ce, “Yau yaron nan ya fi maigidansa.” Ranar nan ce sakamakon aikinka. In ka ji zafi a zuci, ka tuna da Barnaba.

Ku kuma matasa, naku ya rage. Ku zo a kan lokaci, ku zo da shiri, ku karɓi gyara ba tare da kumbura fuska ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wanda yake da waya ya ɗauki muryarsa ya saurara kafin ya je wurin jagoransa, zai ji rabin kurakuransa da kunnensa.

SHAWARWARI

(a) Kowace ikkilisiya ta ba da sunayen manya huɗu, maza biyu mata biyu, waɗanda suka yarda su yi wannan aiki. Kada a ba mutum ɗaya masu koyo fiye da biyu.

(b) A ɗaura alkawari na wata shida, daga bayan girbi zuwa faɗuwar damina, lokacin da aikin gona ya yi sauƙi. In wa'adi ya cika a zauna a duba, wanda bai dace da jagoransa ba a sauya masa ba tare da surutu ba.

(c) Ƙungiya ta zauna sau biyu a wata, awa ɗaya da rabi. Mutum uku su yi jawabi, kowa minti biyar, a sa mai duba agogo. Jagororin masu jawabin ranar su halarta, amma matasa ne za su bi da taronsu.

(d) Kowane mai koyo ya hau matakai shida, ɗaya a wata: ya gabatar da kansa da gidansu, ya karanta nassi a bayyane, ya yi sanarwa, ya bayyana wani aiki da ya iya, kamar adana wake ko kiwon kaji, ya yi jawabin maraba ko na ta'aziyya, a ƙarshe ya gabatar da wata bukatar unguwa kamar yana gaban hukuma, dattawa su yi masa tambayoyi.

(e) A fara da Hausa. Wanda ya iya tsara tunaninsa da harshen uwarsa, Turanci ba zai ba shi wuya ba daga baya. 'Yan makaranta a riƙa ba su rana guda ta Turanci.

(f) Duk wanda ya gama matakai shida, a ba shi aiki na gaske cikin sujada ko cikin wata tawaga kafin wata uku su wuce, shekara mai zuwa kuma ya taimaka wa jagoransa da sabon mai koyo.

KAMMALAWA

Iyayena da 'yan'uwana, wannan aiki ba ya bukatar baiko na musamman ko taimako daga waje. Awa ɗaya a mako yake nema daga wurin mutum huɗu a kowace ikkilisiya. A cikin 2 Timoti 2:2 Bulus ya umarci Timoti ya danƙa abin da ya koya ga amintattun mutane waɗanda su ma za su iya koya wa waɗansu. Wani ya yi mana haka, shi ya sa muke iya tsayawa a yau.

Ina roƙon sakataren taro ya zagaya da takarda kafin mu yi addu'ar rufewa. Duk dattijo ko uwa da ta yarda, a rubuta sunanta da na ikkilisiyarta, domin shugabannin matasa su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa a wannan mako.

Ubangiji ya ba mu haƙuri da hikimar renon na bayanmu.  Allah ya sa mana albarka duka. Amin.